Man Fason Doktora

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da tsufa zai kai ni in manta sunayen jikokina (da ma rabinsu da "ke" da "kai" nake kiransu).

Shekarata arba'in da ɗoriya ina gyaran amare a garin nan na Jidda. Tun muna ɗaki ɗaya a unguwar Balad nake yi, har Allah ya ɗaga mu muka dawo unguwar Aziziyya. Dilka, halawa, turaren tsuguno, lalle, duk hannuna ne. Ban taɓa zama a aji ba, amma in na ɗaga hannun yarinya na duba gwiwarsa, zan gaya miki rabonta da wankan kirki. Kwana bakwai uwa take damƙa min 'yarta, ranar ɗaurin aure in miƙa mata ita tana sheƙi. Ba a min musu a kan fata. Ba a taɓa yi ba.

Sai ga tashar nan ta talabijin da ba ta da aiki sai talla, safe da rana. Akwai wata mai gabatarwa da nake kira Mai Haƙora, don ko tukunya take sayarwa sai ta nuna miki na ciki. Kullum "saura guda goma kacal, yalla ku bugo!" Wata uku ina lura, goman nan ba su ƙare ba. Amma ita mai sauƙi ce. Wadda ta tsaya min a wuya baƙuwar da take gayyatowa ce, wai ƙwararriya a gyaran jiki, wai Doktora. Farar riga kamar mai allura, goshi ba ya motsi ko dariya take yi. Ta kamo hannun 'yar shekara ashirin ta shafa mata mai, ta ce, "Kun ga bambanci?" Wane bambanci? Yarinyar nan ko toka aka shafa mata kyau za ta yi!

Matan da ke zama a falona kowacce da nata. Hajiya Dije, ƙawata tun zamanin Balad, ta ce ita dai Mai Haƙora na burge ta, tana da fara'a. Wata ta ce Doktora a Turai ta yi karatu. Wata ta ce ƙarya ne, a shagon kitso aka samo ta. Ni kuwa na yanke hukunci ɗaya, na kuma yi ta maimaita shi a gidan biki da gidan suna: duk macen da ta sayi kayan matar nan ba ta da tunani, kuma kada ta sake ta kawo min 'yarta. Haushina na da dalili. Amare sun fara janyewa. Uwa ta sayi "akwatin amarya" na Doktora, kwalabe bakwai, ta ce halas, shi ke nan, an huta da hayaƙin tsohuwa.

To, ga inda abin ya lalace. Ina da faso. (Na faɗa, ku yi dariyarku.) Dugadugaina sun tsage kamar ƙasar fadama da rani, har zanin gado suke kamawa. Na goga dutse, na shafa man kaɗanya, na ɗaura dilkata da kaina. Shiru. Wani hantsi gida ba kowa, Doktora ta fito da wani man ƙafa. Rubutu ne ban sani ba, lamba kam na iya. Na buga. Mai kawo kaya ya kawo, na karɓa a ƙofar bene kamar mai karɓar kayan sata, na tura kwalbar can ƙasan buhun lalle.

Kwana goma, faso ya rufe. Wallahi sai da na ji haushin hakan ma.

Sai wata yarinya ta bugo daga wurinsu, tana ce min Hala, wato inna, yadda yaran nan ke kiran manya. "Ya Hala, yaya man? Ki aiko mana da ra'ayinki a saƙon murya, za mu ƙara miki kwalba ɗaya kyauta." Ni da saƙon murya kuwa kamar kifi da ruwa, da shi nake komai. A tunanina magana ce tsakanina da yarinyar, ta ji ta share. Kuma na san halin 'yan kasuwa, in kina son gyara sai kin zuba zuma. Na zuba. Bayan nan wani dogon rubutu ya shigo wayata. Na yi masa abin da nake yi wa kowane rubutu, na danna hoton babban yatsan nan. Daga baya surukata ta karanta min: izini suke nema su saka muryata a shirin.

Ranar Talatar, bayan la'asar, Fauziyya ta zo da 'yarta Rihab wadda za a aurar. Fauziyya haifaffiyar nan ce, 'yar marigayiya aminiyata, ni na gyara ta ranar nata auren. Gidansu babba ne, in suka kawo miki amarya ɗaya, dangi goma za su biyo. In suka janye, haka ma. Kuma ba ta ɓoye min ba.

"Hala, ni ke nake so, wallahi. Amma Rihab ta nace sai akwatin Doktora. Na ce mu zo ki yi mata magana."

Na zuba musu gahawa. Dije na gefe, ta kunna tashar (ita in ba ta ga Mai Haƙora ba shayi ba ya wuce mata). Na ce madalla, ga abar a gabanmu. Na gyara zama, na naɗe ƙafafuna cikin zani, na fara.

"Ke Rihab, dubi matar can da kyau. Wannan ce za ta gyara ki? Ta taɓa jiƙa dilka? Ta san ƙamshin sandal daga na katakon gado? Ruwa ne da turare a kwalba, 'yata. Ni da kike gani, ko a mafarki kayanta ba su taɓa jikina ba, kuma in na mutu kada a bar mai shafa su ta yi min wanka!"

Rihab ta sunkuyar da kai. Fauziyya na gyaɗa nata. Na ga alamar na ci. Ina shirin ƙara wani, sai Mai Haƙora ta ce, "Yanzu mu ji ra'ayin masu kallonmu. Ga wata uwa daga Jidda."

"Salamu alaikum ya Doktora, ya habibti, ya hasken idona..."

Kofin hannuna ya tsaya a hanya. Larabcin nan mai ƙamshin daddawa, mutum ɗaya ce ke yin sa a Aziziyya.

"Allah ya ja da ranki, Allah ya jiƙan iyayenki. Ni da kike ji shekara arba'in ina gyaran amare, amma ƙafata ta gagare ni. Na yi dilka, na yi dutse, duk a banza. Zanin gado uku na yaga. Man nan naki kuwa, kwana goma! Ke ce likita, mu duk 'yan kame-kame ne."

'Yan kame-kame. Da bakina. Doktora ta dafa ƙirji ta ce mashallah, ga shaida daga masu sana'ar gargajiya da kansu.

Kowa a falon ya juyo ya dube ni. Na ce, "Murya kan yi kama."

Dije ta ajiye kofinta a hankali. "Ƙwarai tana kama, Hajiya. Miƙo ƙafar mu gani."

"Ke Dije, ki kiyaye ni."

"Shekara nawa ina jin dugaduganki na ƙara a kan tabarma? Kwanan nan na ji shiru, na ce ko kunnena ne ya tafi. Miƙo!"

Tsohuwar banza ta kama bakin zanina ta ja. Ga su nan a fili, sumul, kamar na jinjirin da bai fara tafiya ba. Dije ta kwanta a kujera tana dariya har da tari. Rihab ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Na so ƙasa ta tsage, to amma a hawa na uku muke.

Fauziyya ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ita mai tarbiyya ce, kuma nata ya fi ciwo. Ta miƙe ta ɗauki abayarta, ta sumbaci kaina.

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, ya Hala. Za mu yi shawara a gida." Ta kai ƙofa, ta juyo, ta rage murya. "Man ƙafar, ƙaramar kwalba kika saya ko babba?"

Ba su dawo ba. An yi bikin Rihab da kwalabe bakwai, 'yan'uwanta biyu da aka sa wa rana su ma suka bi. Muryar kuwa sai da aka yi makonni ana maimaita ta, kullum bayan tallan tukunya. Na buga na zazzage musu, yarinyar ta ce, "Amma Hala, kin amince."

Na amince. Wannan ne abin da ya fi ƙona min rai, ba wanda zan kama.

Abin da na koya, in kin tashi cin mutum a gaban jama'a, ki tabbata ba ki taɓa lallaɓawa kin yabe shi a bayan ƙofa ba, don yabo ma ƙafa gare shi. Ra'ayina a kan Doktora kam bai canza ba, maƙaryaciya ce mai sa'ar man ƙafa ɗaya. Har gobe ina zaginta a gidan biki. Sai dai yanzu, duk zafin Jidda, da safa nake zuwa.