Kalangun da Ba Ya Shiga Hammata

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka yaye mu daga ajin yaƙi da jahilci a Ƙanƙara ba. Ko na so mantawa 'yan ajinmu ba za su bari ba, don har yau Mai Hammata suke kirana.

Mu gidan makaɗa ne, daga wani ƙauye a gefen Damari. Da kalangu marigayi mahaifina ya ciyar da mu, ni ma da shi na tashi. Da zaman ƙauye ya gagara saboda ɓarayin daji muka taso, na ɗauko Inna, mahaifiyata, da iyali da ɗan hatsi. Kalangun Baba kuwa na bar shi rataye a bayan ƙofa, wai kafin girbi za mu koma. Girbi ya yi ta zuwa yana wucewa. Inna ba ta taɓa yi mini zancen rumbu ko awaki ba. In tana tsintar wake dai sai in ga yatsunta suna buga kiɗan da Baba ke buɗe wasa da shi a gefen faifai. Babu abin da nake so kamar ta sake jin kiɗan nan tun tana da sauran ji, don kunnenta ya fara nauyi.

Za ku ce me ya hana ni neman wani kalangu. Zuciya ce ta ƙi. Rataya wani kamar na yarda ke nan ba za mu koma ba.

Maƙwabcinmu Kabiru yana da ɗan situdiyo kusa da tasha. Shi ya nuna mini wani abu mai faɗin faranti da yake kira midi, fuskarsa gida-gida na roba, an jona shi da kwamfuta. Abin shi kansa ba shi da murya. Kai za ka taɓa, kwamfuta ta amsa da muryar da aka zaɓa mata. Ka taɓa a hankali ta yi raɗa, ka danna ta ɗaga murya, in kuma ka ja yatsa a gefe sai sautin ya lanƙwasa kamar an matse tsarkiya. Da ya sa muryar kalangu sai da na waiwaya in ga wa ya shigo. Na ce wa kaina ai wannan ba kalangu ba ne, don haka ban ci amanar na bayan ƙofa ba.

Na yi ta zuwa koyo bayan la'asar. Kabiru ya ja mini kunne: "Kawu, wannan taɓa shi ake yi. Ko ƙuda ya sauka sai ya yi magana. Kuma ka tsaya a maɓallin A, kada ka je B." (Ranar na ji daɗin karatuna, don da idona na gane su.) A B ɗin nan ya tara ƙararrakin da yake sa wa wasan kwaikwayo: tsawa, jiniya, babur, har da kukan jaki.

Ranar yaye aka cika filin firamare, ni aka ba kiɗan taro. Kabiru ya ɗora abin a tebur, ya jona lasifika. Na shimfiɗa wa Inna tabarma a gaba. Na fara a hankali kamar mai koyon rubutu, sannan hannu ya saki. Mata suka ɗauki guɗa. Wani dattijo daga cikin waɗanda suka taso daga wajen Faskari ya miƙe yana cewa, "Wannan kiɗan gida ne, wallahi!"

Nan fa na bar Ƙanƙara. Na ga dandalin ƙauyenmu, na ga tsamiyar bakin kasuwa, na ga Baba. Muka zo gaɓar da kalangu ke yin kuka, wadda makaɗi ke matse shi da dukkan ƙarfinsa. Ban yi shawara da kowa ba. Na sunkuci abin Kabiru daga tebur, na cusa a hammata, na ɗaga kafaɗa, na matse.

Jama'a, haƙarƙarina ya danna B, ya kuma danna duk gidajen a lokaci guda. Tsawa ta faɗi, jiniya ta ɗauka, babura suka taso, jaki yana bisa kansu. Kun san kunnuwanmu sun koyi tsoro. Kafin ka ce me, fili ya watse. Takalma a ko'ina, malaminmu a ƙarƙashin benci da rawaninsa a hannu. Ni kuma don ruɗewa sai na ƙara matsewa. Kabiru yana ihu, "Kawu, saki! Hammatarka ce!" har ya samu ya zare waya.

Mutane suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya suna neman takalmansu. Dattijon nan ya dube ni ya ce, "Malam, da ɗai mun san kai ne ɓarayin, da ba mu baro gida ba."

Inna kaɗai ce ba ta motsa ba. Na durƙusa gabanta, ina so ƙasa ta tsage in shige. Sai na ga tana share ido da bakin mayafi.

"Inna, ki yi haƙuri, na ɓata kiɗan."

"Mi ka ɓata? Ni ban ji wani abin kirki ba. Amma ɗaga kahwaɗar nan da ka yi... Ubanka sak. Ashe da rabon in ƙara ganin shi."

Na koyi darasi: abin da aka ce taɓa shi ake yi, to a taɓa shi. Kabiru yanzu ɗaure abinsa yake yi a jikin tebur da igiyar babur in zan zo, ban kuma ga laifinsa ba. Yatsuna sun saba da zaman gari. Hammatata ce har yanzu take jiran mu koma.