Zaren da Aka Ɗaura wa Masu Shara

A dajin Tsamiya Bakwai, tun asali manya ke ɓata gida, ƙanana su share. Buzuzu ke kwashe kashi, tururuwa su kwashe ɓarɓashi, kowa ya san ramin da yake yi wa aiki. Daga baya wani gizo-gizo mai suna Mantau ya saƙa yanarsa daga bakin rafi har fadar Zaki. Mai son shara sai ya girgiza zare, Mantau ya turo masa ma'aikaci, ya ɗebi kashi ɗaya cikin uku na ladan. Bai taɓa riƙe tsintsiya ba, amma a fada Sarkin Tsafta ake ce masa.

Tabawa, wata tsohuwar buzuzu, ta shiga yanar saboda kowa ya shiga. Zare ya kai ta ramin wani kunkuru, Barau, wanda idonsa ya soma mutuwa. Ta gane inda yake ajiye maganinsa, ta kuma daina gusar masa da kaya don kada ya yi tuntuɓe.

Wata rana ya ce, "Yaya Tabawa, ki riƙa zuwa Talata da Asabar kawai. Ba sai na girgiza komai ba."

Ta riƙa zuwa. Rabin dajin haka ya yi.

Da damina ta tsaya, aka kira majalisa. Mantau ya sauko ta zarensa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ni na haɗa masu shara da masu gida, da suka saba sai suka zagaye ni. Yanata kullum tsinkewa take, ba mai taya ni gyara. In ta rushe, tsaftar ƙasar nan ce ta rushe."

Kura ta miƙe. "An turo mini tururuwan da ban san asalinsu ba, ƙashi ya ɓata a ramina. Wa zan kama?"

"Ranki ya daɗe, ba ma'aikatana ba ne," in ji Mantau. "Masu zaman kansu ne. Ni zare kawai gare ni."

Dila, Wazirin Sarki, ya tambaya ko masu shara na da magana. Aka tura Tabawa gaba don ta girme su.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "sai mutum ya san gida kafin ya iya share shi."

"An ji," in ji Waziri. "A rubuta ba su da ƙorafi."

Zaki ya yi hamma, sannan ya yanke hukunci: a ɗaura wa kowane mai shara zare a ƙafa, kuma kada wani ya yi wa maigida ɗaya aiki sau biyu. Aka yi ta yabon adalcinsa. Tabawa ta miƙa ƙafarta aka ɗaura. Ta laluba zuciyarta ko akwai fushi, ba ta samu ba.

Bayan mako shida zaren ya ja ta zuwa ramin Barau. Wani zomo ta tarar ya tare a ciki, yana shirya kayansa. Ya ce tsohon ya rasu. Masu shara sun yi ta sauya wa kayansa wuri, kowa da nasa tsarin, har ya kasa gano maganinsa. Tunda maigida sabo ne, doka ta ba ta damar shiga.

Ta fara daga lungun hagu, inda ƙura ta fi taruwa.

"Baba, kin san gidan ne?" zomon ya tambaya.

"A'a," ta ce. "Ina kake so a zuba sharar?"