Ranar da na hana maza cewa “lafiya lau”

Ba zan taɓa mantawa da wannan yammacin ba, kuma ko na so in manta, mutanen Gure ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta gaban famfon unguwarmu sai in ga mata sun sunkuyar da kai suna gyaran gammo, kafaɗunsu na rawa. Na san dariya suke yi, na kuma san wanda suke yi wa.

Na yi shekaru ina aiki da wani proje, wato shirin gyaran rijiyoyi. Ni ne animater, mai shiga ƙauyuka yana tara jama'a yana bayani. Da yake na taɓa koyarwa a lekwal, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce mini, yaro da babba, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu. Ina da moto, wato babur, ina da ƴar rigar nan mai aljifai da yawa da tambarin proje a ƙirji, ina tafiya ina buɗa hannu kamar ni na kawo ruwa duniya. Kwatsam wata rana aka tara mu a biro, wato ofishinmu, aka ce proje ya ƙare, kowa ya kama gabansa.

Ban faɗa wa kowa ba, har Falmata maiɗakina. Ba ita nake tsoro ba, mahaifinta nake tsoro. Baba Alhaji gidansa na kallon namu, mutum ne da bai cika magana ba, kuma tun da na auri ƴarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Lokacin neman auren akwai mai shago a layi, akwai mai garken shanu, amma ya ce ya ba ma'aikaci. To da wane baki ma'aikacin zai je ya ce ya zama ɗan zaman kashe wando?

Saboda haka kullum da safe sai in yi wanka, in sa rigar proje, in tada moto da ƙarfi don a ji daga gidan Baba Alhaji, in kama hanyar Kelle. In na yi nisa da gari sai in sauka gindin wata aduwa in zauna har azahar. (Awakin wurin sun saba da ni, har akwai wata jar akuya da ke zuwa ta kwanta kusa da tayar moto.) Can nake zama ina lissafin duniya, wata rana har hawaye su zubo, in share da rigar mai tambari, in komo gida da fuskar wanda ya sha aiki.

Akwai abokina tun na yarinta, Bukar tela. A gaban shagonsa fadarmu take, nan muke shan shayi bayan la'asar. Wata rana yana cikin ɗinki ya ce, “Mushe, in ba ka da sauri da safe ka riƙa biyowa mana. Ni kaɗai barci ke ɗaukata a kan keke.”

Na gyara murya na ce, “To, zan duba. Dama aiki ya yi sauƙi a biro kwanan nan, ana jiran sabon tsari.”

“Madalla,” ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Haka na bar jar akuya na koma bencin Bukar. Ba a jima ba Isa mai kabu-kabu ya fara tsayawa shan shayin safe, sai wani ya biyo, sai wani. Ni kuwa a zuciyata ina cewa lalle mutanen nan ba su da aikin yi.

Ana haka wani tsohon abokin aiki ya sa sunana cikin wata fomasiyo, wato horo na ƴan kwanaki, a Damagaram, kan yadda za a tallafa wa maza da samari. Abin da aka koya mana gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. An ce namiji yakan haɗiye damuwa har ta zame masa ciwo, an ce a riƙa zama a kewaye kowa ya faɗi abin da ke cinsa, kuma abin da aka faɗa a ɗaki a ɗakin zai tsaya. Maganar ta soke ni sarai. Amma maimakon in sha maganin, sai na ɗaura aniyar zama likita. Laifi tudu ne. Tun a mota nake jera sunayen mutanen fadarmu, ina cewa wane yana da damuwa, wane ma da gani ka san ya haɗiyi abu.

Da na dawo na shelanta taro: mazan fada da samarin unguwa, ranar Asabar bayan la'asar, a ɗakin da ke jingine da masallaci inda ake ajiye tabarmi. Ɗakin ko raɗa ka yi kowa zai ji. Amma mai koyar da mu a Damagaram da mikro, wato makirufo, yake magana, don haka ni ma sai da mikro. Na roƙi ladan, Malam Mele, ya ara mini na masallaci. Ya jawo ampili, na'urar ƙara sauti, har bakin ƙofar da ta haɗa ɗakin da masallaci, ya ɗora wani ƙaramin akwatin magana a kan kujera.

“Na zare wayar sama, Mushe,” ya ce. “Ta akwatin kaɗai na bari. Kada ka taɓa komai.”

Yana fita na leƙa bayan ampili, na ga wata waya tana lilo. Na ce a raina tsufa ya kama Malam Mele, ya manta da ɗaya. Ni da na yi shekaru ina haɗa kayan magana a ƙauyuka? Na kama ta na soka a inda ta dace. Ta kuwa shiga daidai, domin nan ne gidanta. Ita ce wayar babbar lasifikar da ke kan sanda, wadda ke tada unguwa sallar asuba.

Mutane suka cika ɗaki, na sa aka tura ƙofa aka rufe taga saboda sirri. Na miƙe da rigar mai aljifai, na buɗe da addu'a, sannan na kafa doka.

“Ƴan'uwa, abin da aka faɗa a nan, a nan zai mutu. Kuma yau an hana cewa ‘lafiya lau’. Kalmar nan ita ke kashe maza. Isa, kai za ka fara. Yaya kake?”

Isa ya karɓi mikro kamar an miƙa masa garwashi. “Lafiya l... wato, alhamdulillahi.”

“Wannan ma ƙanen lafiya lau ne.”

“Haba Mushe, har alhamdulillahi ka hana?”

Aka bushe da dariya. Na zagaya da mikro. Wani dattijo ya ce shi dai gwiwa ke damunsa in hadari ya taso. Wani saurayi ya ce gilashin wayarsa ya tsage. Na ji haushi ya kama ni. Sai na tuna an ce mana in mutane suka noƙe, shugaba ya fara buɗe tasa zuciyar. Niyyata in kawo ɗan ƙaramin misali, irin ciwon kai ko rashin barci. Amma abin da ka daɗe kana dannewa, in ka ɗaga murfi ba ya tambayarka nawa zai fito.

Tun da na fara magana nake jin muryata tana dawowa daga wani wuri da nauyi da amo. Na ce ashe haka nake da kwarjini ban sani ba. Sai na ƙara buɗe maƙogwaro.

“Ku dube ni nan, ni Mushe. Kuna ganina da moto da riga, kuna zaton ina da aiki. Wallahi ba ni da aiki! Proje ya rufe tun kafin damina. Kullum ƙarya nake yi wa iyalina. Hanyar Kelle nake zuwa in zauna gindin aduwa da awaki, in yi kuka kamar yaron da aka yaye.”

Na ga Bukar ya ɗaga hannu.

“Bukar, ba a katse mai magana. Doka ce.”

Ya miƙe tsaye yana nuna sama da yatsa, idonsa waje. Na ɗauka yana nufin komai na Allah ne.

“Ƙwarai kuwa, Bukar, Allah ne shaida. Zauna. Kuma kun san abin da ya hana ni faɗa? Surukina. Na rantse na fi tsoron Baba Alhaji a kan kunama. In na ji tarinsa daga zaure, cikina har ƙugi yake yi. Ran nan da na hango shi a kasuwa, bayan buhunan gawayi na ɓuya har ya wuce.”

Ina rufe baki aka turo ƙofa a hankali. Takalmin na fara gani, kuma na san takalmin, domin shekara da shekaru shi kaɗai nake kallo in muna gaisawa. Baba Alhaji ne, Malam Mele na bayansa yana haki. Bai dube ni ba. Ya yi gyaran murya (cikina kuwa ya cika alkawari, ya yi ƙugi, mikro na daidai wurin), ya juya wajen ladan.

“Malam Mele, a zare wayar sama. Matan famfo sun ajiye bokitai suna sauraro.”

Ya ja ƙofa ya tafi.

Na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba salon magana ba ne. Kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Na tsaya riƙe da mikro, gumi na bin bayana, ba wanda ya yi dariya, kuma rashin dariyar ya fi dariyar ciwo. Ni da na ce abin da aka faɗa a ɗaki zai mutu, ni na yi wa kaina shela har bakin kasuwa. Ranar na zama mushe iri biyu, na lekwal da wanda ungulu ke sauka a kai.

Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya. Bukar ne ya zare mikro daga hannuna, ya kama ni muka bi ta lungun baya don kada mu ratsa famfo. Moto ma nan na bar ta.

“Shi ke nan, Bukar,” na ce, “asirina ya tonu.”

“Wane asiri?”

Na tsaya na dube shi.

“Mushe, Gure ce fa. Ranar da aka sa kwaɗo a biro ɗinku muka sani. Har wani makiyayi daga hanyar Kelle ya zo ɗinki ya tambaye ni ko mai moton nan lafiya yake.”

“To me ya hana ku yi magana?”

“Mun yi mana. Mun ce ka zo ka sha shayi. Kana zaton Isa ba ya son kuɗin safe ne yake ajiye moto ya zauna da kai?”

Mutanen da na ce ba su da aikin yi, ashe ni ne aikinsu.

Saura gida. Na yi sallama da murya kamar ta mara lafiya. Falmata na tsakar gida tana kwashe tuwo, ta ce, “Sannu da zuwa. Ya gajiya?” Ta shimfiɗa mini tabarma ta ajiye kwano. Na zauna na kasa ɗaga murfi.

“Falmata, akwai maganar da nake so in...”

“Na ji ta. Ina wanke-wanke ta same ni har gida.” Ta danne dariya da bakin zane, sannan ta zauna nesa kaɗan. “Malam, in tambaye ka. Yaushe rabon da in ce maka ‘ya aiki’?”

Na shiga tunani. Da, kullum na shigo gaisuwarta ke nan, ya aiki, in ce da godiya. Na lalubo baya, na lalubo, ban sami ko ɗaya ba tun kafin damina. Sai ya gajiya, ya rana, ya jama'a. Na tuna Bukar, na tuna Isa, na tuna Malam Mele a ƙofar masallaci. Kaf unguwar nan an daina yi mini wannan gaisuwa, don kada a sa ni yin ƙarya. Ni kuwa gwanin sauraron zuciyar maza ban lura ba.

“Baba ne ya ce kada wanda ya tambaye ka,” ta ce. “Ya ce namiji in ya shirya zai faɗa da bakinsa. Bai dai zaci da lasifika za ka faɗa ba. Geron nan da ya aiko wai rumbu ya cika, kai ka taɓa ganin rumbun da ya yi wa mai shi yawa?”

Nan na yi kukan da ya fi na gindin aduwa, ita kuma ta tashi ta shiga ɗaki kamar ta manta wani abu, har na gama.

Na yi kwanaki ban fita ba. Da na fito, yara na bina suna cewa an hana lafiya lau. Amma ranar da na koma bencin Bukar, Isa ya matso kusa da ni, ya bari keken ɗinki ya ɗauki ƙara, sannan ya faɗa mini wani abu da ya daɗe yana cinsa game da babban ɗansa. Ba zan faɗa muku ba, na koyi darasi. Bayan shi wasu ma sun zo, ɗaya ɗaya, har da samari. Sun ce wanda duk gari ya ji nasa ba zai yi wa wani dariya ba. Zaman Asabar bai mutu ba, yana nan har yau, sai dai a gaban shagon Bukar ake yinsa, ba mikro, kuma duk mai son cewa lafiya lau yana da izini.

Bayan girbi na sami koyarwa a wata ƙaramar lekwal. Ranar farko da na taso, na ci karo da Baba Alhaji a ƙofar zaurensa, ba buhun gawayi kusa. Na durƙusa ina kallon takalmi. Ya ce, “Mushe, ya aiki?”

Da ƙyar “da godiya” ta fito daga bakina.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tara maza ka koya musu magana, ka fara sauraron abin da suka daina ce maka. Kuma in ladan ya ce kada ka taɓa waya, to ka bar ta tana lilo.