Rijiyata da Salgar Maharazu

Jama'a, ku taya ni murna, rijiyata ta fara turare! Da safen nan na ja guga, akuyata ta shinshina ruwan, ta juya mini baya. Akuya fa, wadda ke cin leda!

Bara ne Masu Girma Iyayen Tsafta, Allah ya ƙara musu sanyin mota, suka kafa mana doka a Illela: kowa ya nisanta salgarsa da rijiyarsa. Doka mai kyau, wallahi. Ni Lawwali sarkin biyayya na cike tsohuwar salga, na haƙa sabuwa can ƙuryar gida, jikin katanga. Maƙwabcina Maharazu mai albasa shi ma ya yi haka. Ashe tawa ta sauka bayan rijiyarsa, tasa ta sauka bayan rijiyata, katanga kawai ta raba.

Ranar duba aiki manya suka iso da jerin motoci. Da yake ba a shiga gidan matan aure, a zaure suka tsaya, suka miƙo mini igiyar awo na shiga na auna da kaina. Igiya ta ƙare ban kai salga ba. Sai tafi raf-raf, aka ɗauke ni hoto! Aka koma zauren Maharazu, aka sake tafi. Ba wanda ya leƙa katanga.

Yanzu 'yata Hindatu na kwance, gudawa ta zuƙe ta. A nan na daina dariya, don na tsorata ƙwarai. Na leƙa katanga na ce, "Maharazu, mi ka aje bayan rijiyata?"

Ya ce, "Irin abin da ka aje bayan tawa. Nawa ɗiyan ma kwance suke."

Muka ɗunguma wajen Babban Mai Igiya, shugaban Iyayen Tsafta. Na ce, "Ranka shi daɗe, salgar maƙwabci hwa?"

Ya ce, "Taka na nesa da rijiyarka?"

"Awo, nesa take."

"To, kai da shi duk kun ci gasa. Ku tahi gida."

Madalla da wannan ilimi! Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne kawai bai san iyakar gida ba.

Hindatu ta fara shan kunu, alhamdu lillahi, da ruwan 'yan garuwa. Hoton yabon kuwa na nan rataye a zaure. Mai son gani ya zo, amma ya taho da ruwan shansa.