Durƙuson da Ya Tsayar da Diyya

Ƙawata Zulai, matso kusa ki ji abin da ya sami wata baiwar Allah a unguwarmu, Inna Hansai, wadda take ganin duk faɗin Sharaɗa babu uwar da ta kai ta iya tarbiyya.

Autanta, Lurwanu, lebura ne a wani kamfanin casar shinkafa. Ran nan tarin buhuna ya zame ya danne masa gwiwa, aka kwaso shi ranga-ranga. Kamfani ya yi magani, yana kuma ba shi wani abu daga albashinsa, amma da sharaɗi: ranar da aka ga ƙafa ta lanƙwasu, biya ya tsaya. Kuɗin sallama na ƙarshe ma hawa-hawa ne, gwargwadon yadda suka ga nakasar da idonsu. Da ɗan abin nan gidan yake ɗora tukunya, ga matarsa da tsohon ciki.

Ranar da za a zo duba shi, Lurwanu ya roƙi uwar tun da safe.

"Inna, don Allah yau ki bar ni in amsa da bakina. Ba ƙarya zan yi ba, gwiwar nan ko sallah a zaune nake yi."

"Ni ina ruwana da maganar maza? Ruwa kawai zan kawo musu," in ji ta.

Ta sa rai za ta ga yara masu ɗamammen wando. Sai ga wakilin kamfani, dattijo da farin gemu fat, ya girmi marigayi mijinta, likitan kamfani na biye da shi. Ya yi sallama, ya zauna a tabarma, ya ce, "Hajiya, ya mai jiki?"

Kin san bakinmu. Kafin Lurwanu ya haɗiye yawu ta riga ta amsa: "Da sauƙi, alhamdulillahi! Sauƙi kullum ƙaruwa yake, sai godiya."

Lurwanu ya runtse ido. Ita kuwa da ta waiwaya, sai ta ga ɗanta kwance ɗai-ɗai a katifa, ya miƙe ƙafafu, tafin ƙafarsa na kallon gemun dattijo. Kunya ta rufe ta har wuya. Ɗan da ta haifa? A ɗakinta? Harara ɗaya ta aika masa, irin wadda ta raine shi da ita tun yana rarrafe.

Jiki ya riga hankali. Lurwanu ya zamo daga katifa, ya cije leɓe, ya durƙusa har ƙasa, gumi na tsiyaya ta haɓarsa. "Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

Dattijo ya dubi likita, likita ya gyaɗa kai.

"Masha Allah," in ji dattijo. "Wannan durƙuso ko ni mai lafiya ba zan iya shi ba. Gwiwa ta dawo. Biya ya tsaya daga wannan wata, sallama kuma ta ƙananan raunuka ce."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Inna Hansai. "Ranka ya daɗe, ai gaisuwa ce! Mu nan ko wanda ake laƙanta wa kalmar shahada, da sauƙi ake cewa."

"Haka ne, Hajiya. To amma ƙa'idarmu abin da ido ya gani. Allah ya yi wa yaron nan albarka, irinsa sun yi ƙaranci."

Ta raka su har zaure, har da ba su gyaɗa a leda. Da ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi, a durƙushe, ya kasa gaba ya kasa baya. Sai da aka kira maƙwabta biyu suka ɗaga shi kamar buhu.

Tana yi masa fifita, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ka yi haƙuri, Auta. Ko ba komai, sun san daga gidan tarbiyya ka fito."

Ya numfasa, ya ce, "Haka ne, Inna. Raunin da buhu ya yi mini dai na san inda ake biya. Wanda tarbiyya ta yi mini, wane ofishi zan kai?"

Don Allah Zulai, ki bar shi a cikinki. Har yanzu matan layin nan wajenta suke kawo yara a yi musu faɗa.