Ni da Idon da Ke Silin Ɗina

Gyaran gidan nan ya ba ni wuya, ba ƙarya. Kuɗin cittar da na noma a Madakiya duk a nan suka ƙare: sabon kwano, silin, sola a kan rufi. Amma abin da ba ya fita a raina shi ne ranar addu'ar buɗe gidan.

Ɗana Istifanus, mai aikin lantarki a Kaduna, shi ya liƙa wani ɗan abu kamar ido a silin ɗin falo. Ya ce, "Baba, wannan zai riƙa tattalin batir. In ya ga motsi, ya kunna fitila da fanka. In babu motsi, ya kashe." Na ce madalla, ga abin da ya fi 'ya'yana hankali.

A lokacin ana shirin zaɓen dattijon ikilisiya a cocinmu na Kafanchan, ni da Malam Bulus, tsohon hedimasta, muke nema. Shi yana da Turanci, ni ina da sola. Sai na gayyato Pasto da matan zumunta da shi kansa Malam Bulus (don ya gani ya ƙone). Da magariba na tsaya tsakiyar falo na ce, "A gidan nan ba a ɗauke wuta."

Pasto ya ce a rufe ido. Wanda ya san Pastonmu ya san in ya fara addu'a daga Adamu yake ɗaukowa. Kowa ya sunkuya, ba mai motsi. Bai kai kan Nuhu ba, fanka ta tsaya, duhu ya rufe mu. Na ji Malam Bulus ya ce ƙasa-ƙasa, "To, ashe masu wuta sun san hanyar gidan." Mata suka fara dariya a hanci.

Nan na tuna maganar Istifanus. Na ɗaga hannu na kaɗa, wuta ta dawo. Shi ke nan na samu aiki: jama'a na addu'a, ni ina ɗaga wa silin hannu lokaci-lokaci kamar mai tsayar da okada. Kunnena ba ya kan Pasto sam. Ban ji lokacin da ya ce, "Duk ido a rufe. Wanda burkutu ya ɗaure shi a ɓoye, yana son Yesu ya kwance shi, ya ɗaga hannu."

Nawa yana sama. Har kaɗa shi nake yi.

"Na gan ka, ɗan'uwa," in ji Pasto. "A gidanka, a gaban baƙinka. Wannan shi ne ƙarfin hali."

Na ce, "Pasto, fanka nake..."

"Kada ka ji kunya, Baban Istifanus. Durƙusa."

Matan zumunta suka ɗauki waƙa. Ni da ko ƙwaryar burkutu ban taɓa riƙewa ba, ga ni a ƙasa, hannu goma a kaina. Malam Bulus ya fi kowa danna nasa. Na ɗago ido in ga ko matata Saratu za ta cece ni. Tana share hawaye tana cewa, "Na daɗe ina zargi. Na gode Yesu." Shekara da shekaru muna tare, kun ji shaidar da ta ba ni.

Wutar kuwa, da ake ta rawa da tafi, ko ƙyaftawa ba ta sake yi ba.

Dattijo dai Malam Bulus ne yanzu. An ce ni a ba ni lokaci in tsaya da ƙafata tukuna. Abin da na koya: duk abin da sai ka yi masa rawa kafin ya yi aiki, shi ne maigidan, kai ɗan haya ne.

Washegari da safe na hau kan turmi, na tumɓuke idon nan, na sa makunni irin na da. Saratu ce ta riƙe mini turmin, wai kada in faɗi, ba ta san ko burkutun ya gama sakina ba.