Babbar Rigata Ta Tafi Gabon

Jiya na wuni a layin mai a Kaura da jarka a hannu, sanye da 'yar shara kamar yaron mota. Duk wanda ya san ni sai ya tsaya ya tambaya ko lafiya, don ba a saba ganina cikin gari ba babbar riga ba. Lafiya lau, jama'a. Rigar ce ta yi tafiya ƙasar waje, ta bar mai ita a layi.

Muna nan rana na gasa mu, wani direba ya ƙure rediyon motarsa. Wani masani ne ke bayanin wata 'yar ƙaramar ƙasa, wai in aka auna kuɗin da ke shigo mata daga waje da wanda ke fita, abin da 'ya'yanta 'yan ci-rani ke aikowa gida shi ke riƙe da ita. Sodangi mai shayi, da ke bayana da tasa jarkar, ya ce, "Wagga ƙasa ai Birnin Tsaba ce yaka hwaɗi, sunan kawai ya ɓoye."

Gaskiyarsa. A wannan gari namu in ka ga kwano yana ƙyalli a kan ɗaki, tambayi wa ke Abijan. In ka ji injin niƙa, akwai wani a Jidda. Tun da aka ba mu jiha ake mana alkawari, har mun tara wanda zai ishi jikoki, amma tuwo daga aljihun matafiya yake fitowa.

Ga Ladidi maƙwabciyata. Mijinta ya rasu ya bar mata lambun albasa a fadama, da shi take ci da kanta da jikokinta. Ɗanta Hafizu yana tallan agogo a Gabon. Bara ya aiko da kuɗi ta hannun Dogo, ɗan kasuwar da ke kai-kawo can, aka sayo mata jan injin ban-ruwa a Shinkafi. Tun daga nan duk zuwan Dogo sai ya kawo mata kuɗin mai da kaset, tunda tsohuwar ba ta karatu. Injin nan ko kaza ba ta yarda ta raɓe shi.

Kwatsam sai ga 'yan wani kwamiti daga sama, da sababbin huluna. Suka ce babban baƙo zai zo duba noman rani, ana son aron injinan gari a ƙawata fili. Kun san tun zuwan shari'a an daina ɗaukar abin da ba naka ba, kowa aro yake yi. Ladidi ta ce injinta ba ya fita sai da ɗan rakiya. Ni da ba na iya cewa a'a, na saka babbar rigata ta Juma'a na bi shi.

Da muka isa filin na nemi jan inji na rasa. Duk an shafe su da koren fenti tun da safe, an jera, an ɗaura zare a gaba. Can sai ga Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, da jerin motocin da man da suka sha zai shayar da fadamarmu har damina. Ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan yadda ba ya iya barci saboda tunanin manomi. Ya yanke zare. Aka shiga kiran sunayen waɗanda suka yi sa'ar samun sabon inji kyauta, tare da man shekara guda. Sunan Ladidi ne na farko.

Ni na rungumo injin, don na gane shi ta wani lanƙwasasshen hannu da yake da shi. Fentin bai bushe ba, ya bi rigata tun daga wuya har aljihu. Aka tura wa Ladidi lasifika a baki wai ta yi godiya. Tsohuwa ta dubi injinta, ta dubi baƙo, ta ce, "Na gode, ranka shi daɗe. Allah shi ba ka irin abin da ka ba ni." Mai Girma ya shafa amin da hannu biyu, fili ya ɗauki tafi. Man shekara kuwa an ce yana hanya, kuma na tabbata layi ne ya riƙe shi.

Da a nan abin ya tsaya, da mun yi dariyarmu mun manta. Ashe an karanta sunayen a rediyon da ake kamawa har Gabon. Da Dogo ya dawo makon jiya, kaset kawai ya miƙa. Muka taru muka kunna, sai ga muryar Hafizu cike da murna. Ya ce ya ji gwamnati ta tuna da Inna, har hawaye ya yi. Tunda yanzu injinta biyu, ta ba Kawu Labbo wancan jan, kuɗin mai kuma zai tara ya fara gini. Kafin kaset ya ƙare ma sai ga Labbo ya yi sallama, ya zo da jakinsa ɗaukar inji; da ƙyar muka ba shi haƙuri.

Nan dariya ta ɗauke mini, na ji tausayin tsohuwar nan har raina. Albasa ta fara kai, in ta rasa ruwa yanzu, wahalar rani duka ta tafi a banza. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Muka nemi 'yan kwamiti su ba mu ko 'yar shaida ce, aka ce an rushe kwamitin saboda ya kammala aikinsa cikin nasara.

Ladidi ta ɗauki muryarta a sabon kaset, ta rantse ta kuma cewa injin ɗaya ne aka shafa wa fenti, amma Dogo ya ce da wuya yaron ya yarda da ita ya ƙaryata rediyo. Sai ta ɗaga kai ta hango rigata a kan igiya, inda Hamida matata ta gaji da wanki ta shanya. Hoton injin ya fito a ƙirjin rigar ɓaro-ɓaro, har da lanƙwasasshen hannun.

"Gani ya kori ji," in ji Ladidi. "Dogo, naɗe ta ka kai mai. Ka ce shi shinshina."

Ban buɗe baki ba Hamida ta riga ta ninke ta. Kafin amsa ta dawo kuwa, albasa ba ta san jira ba, shi ya sa kuka gan ni a layi. Rabin jarka na samu da la'asar, injin ya yi tari ya tashi.

Don haka malam masani, in za ka sake yin awo, ka saka mu a ciki, mu ma mun fara fitar da kaya waje: riga ɗaya, mai aiki a wuya. In kuma Hafizu ya tausaya ya aiko mini da sabuwa, don Allah ku rufa mini asiri. Kada kwamiti ya ji, ya are ta, ya ba ni kyauta.